Jiki Amana Ne: Nasiha Kan Ƙiba da Hawan Jini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam cikin kyakkyawar sura. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu mun san wani da muka saba sallah kafaɗa da kafaɗa da shi, yau yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye. Mukan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, alhali sau da yawa hawan jini ne, wanda wasu ke kira tansiyo, ya daɗe yana cin sa a ɓoye. A rahotonta na 2023, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya (OMS) ta bayyana cewa kusan rabin masu wannan ciwo ba su san suna da shi ba.

Daga cikin manyan sababansa akwai ƙiba, wadda mu kuma muke ɗauka alamar wadata. Idan tumbi ya fito sai mu ce Alhaji ya samu hutu. Har wasu mata kan sayi ƙwayoyi hannun masu talla don amarya ta cika ido, ba su san cewa wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tada jini da sukari ba.

Masana lafiya sun yi bayani cewa duk lokacin da jiki ya ƙara nauyi, jinin da yake buƙata yana ƙaruwa, sai zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi don ta kai shi ko'ina. Kitsen ciki kuma yana matse ƙoda, ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. A hankali jijiyoyi su gaji, daga nan sai shanyewar jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda da gani. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, an shiga hawan jini. Mai tsawon mita 1 da santimita 70, in ya wuce kilo 72 nauyinsa ya fara yawa, in ya kai kilo 87 ya shiga ƙiba.

Addininmu ya riga ya shata mana iyaka. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya kuma hana mu wuce ƙima. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya koyar da raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake, shi ya wuce ta. Ashe motsa jiki ba ya rage wa babba mutunci.

Saboda haka muna kira ga kawunanmu da iyalanmu. Mu rage loma, mu rage mai da soye-soye da sukarin shayi, musamman wajen buɗa baki, inda wasu ke rama abin da suka bari da rana. Mu rage gishiri da magi, domin abin da OMS ta yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokali guda. Mu taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa, tafiyar rabin awa sau biyar a mako tana da amfani babba. Ko kilo kaɗan mutum ya rage, jininsa yakan sauka. Mu riƙa zuwa likita ana auna mu, mai jiki da siriri duka, don ciwon yana kama siriri ma. Wanda lokotoro ya ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, kuma ya nemi shawararsa kafin azumi.

Kada wani ya ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma riƙon sababi yana cikin tawakkali. Kuma wannan nasiha ba ta halatta yi wa mai jiki dariya ba, domin izgili haramun ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin.