Rigimar Yaro: Hali ko Yunwa?

A Yalwa da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, yawancin gidaje suna ci ne daga abin da suka noma. Daga watan Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, manya kuma suna gona tun da sassafe. A wannan tsakanin ake yawan jin uwa tana kukan ɗanta ya cika fitina da taurin kai. Abin tambaya shi ne, nawa ne hali a cikin wannan rigimar, nawa ne yunwa, kuma wa shari'a za ta kama da laifi?

Ta fuskar jiki, bayanin a fili yake. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 5 tana cinye kusan rabin kuzarin da jikinsa ke ƙonawa, ga tumbinsa ƙarami. Yaron da ya karya da tsurar koko, ba ƙosai ba gyaɗa, kafin rana ta take cikinsa ya koma wayam. Ba shi da bakin da zai bayyana abin da ke damunsa, sai ya fizge abin hannun ƙaninsa, ko ya faɗi ƙasa yana birgima. Galibi abin da ke biyo baya tsawa ce ko tsumagiya.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce yunwar da ta daɗe. Tuwon dawa da miyar kuka suna cika ciki, amma idan kullum su ne, babu wake, babu ƙwai, babu nono ko kifi, jini yana raguwa, girma ya tsaya. Irin wannan yaron ba ya rigima. Yakan raɓe a gindin zana, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ko wasan ƙasa bai dame shi ba, mutane kuma suna yabon haƙurinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Da yawa daga cikin masu haƙurin nan suna cikin wannan lissafin.

A fiƙihu, yaron da bai balaga ba ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa zunubi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Kano, ba ta ɗora masa azumi ba sai ya balaga, amma ta ɗora wa uba ciyar da shi. Ke nan wajibin yana wuyan babba.

Shari'a ma ba ta raina tasirin yunwa a kan baligi ba. Hadisi ya inganta cewa idan an ajiye abinci aka kuma tayar da salla, a fara da abincin, don kada zuciya ta rabu biyu. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa matsananciyar yunwa a wannan hanin. Idan ana tsoron yunwa ta karkatar da hankalin alƙali mai ilimi da furfura, ba adalci ba ne a nemi ɗan shekara 3 ya mallaki kansa da ita.

Wannan ba ya nufin kowace ƙiriniya yunwa ce. Akwai yaron da ya ƙoshi kuma yake buƙatar kwaɓa, tarbiyya na nan a matsayinta. Haka nan uban da talauci ya ɗaure wa hannu ba a kallafa masa abin da ba ya iyawa, nauyin sai ya koma kan dangi, maƙwabta, masu fitar da zakkar hatsi da hukuma. Amma tsarin a bayyane yake: ciyarwa ce farko, horo ya biyo baya. Wanda ya daki yaro a kan kukan yunwa ya hukunta wanda ba shi da laifi.