Kurma a Gaban Likita: Wa Ya Cancanci Jin Sirrinsa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci a kan ishara. A mazhabar Imamu Malik, idan bebe ya yi nuni da hannu, aka kuma fahimci nufinsa ba tare da kokwanto ba, to cinikinsa ya ƙullu, aurensa ya ɗauru, sakinsa ya auku, har shaidarsa ma alƙali yana iya karɓa. Alƙur'ani mai girma kuma ya ba da labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi kwana uku ba ya zance da mutane sai da nuni. To, idan shari'a ta yarda hannu ya ɗaura aure ya kuma warware shi, ta yaya za a ce hannun nan bai isa ya gaya wa likita inda ke ciwo ba?

Amma abin da aka saba gani a asibiti dabam ne. Kurma zai zo da wansa ko ƙanensa, likita ya juya ga ɗan rakiyar, su yi ta shawara a kan jikin mutum alhali yana zaune yana kallon bakinsu. A rubuta magani, wani lokaci har a sa ranar tiyata, mai jikin bai san abin da aka zartar ba. Yardar da aka karɓa daga bakin wani, alhali mai ita baligi ne mai hankali, ba yardarsa ba ce.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne sha'anin sirri. Abin da majinyaci ya faɗa wa likita amana ce. Akwai ciwon da mace ba za ta iya bayyanawa a gaban surukarta ba, akwai wanda magidanci ba zai so ɗansa ya ji ba. Mai ji yakan rufe ƙofa ya faɗi damuwarsa, shi kuwa kurma zaɓi biyu gare shi: ko ya tona asirinsa ga dangi, ko ya ɓoye cutar ta ci gaba da cinsa. Ɗan'uwa kuma, saboda tausayi ko kunya, yakan rage magana ko ya sassauta ta, watau ya yi ha'inci da kyakkyawar niyya.

A shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a Nijeriya, wadda ta wajabta wa asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa ta musamman domin irin waɗannan majinyata. Sai dai tafinta ma ba kowane ba ne zai biya bukata. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na gado da ake kira maganar hannu, wanda ya bambanta da ishara mai asali daga Amurka da ake koyarwa a makarantun kurame. Wanda ya ƙware a ta makaranta yana iya kasa fahimtar dattijon ƙauye da sanƙarau ya toshe wa kunne tun yana yaro.

Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tun da magani ba ya yiwuwa sai an fahimci majinyaci, lalle ne a sami wasu daga cikin likitoci da ungozomai da masu jinya da suka iya wannan harshe, maza domin maza, mata domin mata. Masu cewa aiki ya yi yawa suna da uzuri, gama layin asibiti ba ya ƙarewa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da bai natsu da a riƙa karanta masa wasiƙu ta hannun wasu ba, sai ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, shi kuwa ya iya shi cikin kimanin rabin wata. Alamun zazzaɓi, da jiri, da amai, da sau nawa za a sha ƙwaya a yini, ba su kai wannan wuya ba.