Saƙo daga Kumasi

Ana cikin watan Sha'aban, lokacin da teloli suka fara ƙin karɓar sabon ɗinki, saƙon murya ya shigo wayar Ɗanladi. Yana shagonsa a Fagge, ya ɗora wuyan wata shadda a keke. Lambar baƙuwa ce, ta ƙasar Gana. Da ya danna, sai ya ji muryar mace, da irin Hausar mutanen Zango: "Salamu alaikum, Yaya. Ni ƙanwarka ce, Talatu, daga Aboabo a Kumasi. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yana ta kiran sunanka."

Ya saurara sau biyu, ya kife wayar, ya ci gaba da taka keke. Sai da ya kai ƙarshen layi ya ga ya haɗa wuyan a baibai.

Rabon Ɗanladi da ubansa tun yana ɗan shekara biyar, yanzu kuwa ya haura talatin da biyar, da mata da 'ya'ya uku. Abin da yake iya tunawa kaɗan ne: dogon mutum mai jan haƙori, yana kwance huhun goro a zaure, yana yayyafa ruwa a kan ganye, yana ware marsa gefe, daushe gefe. Sauran labarin a bakin mutane ya tsinta.

Uban a Kumasi aka haife shi. Jikan fataken Gwanja ne, waɗanda suka riƙa kai kanwa da tufafin Kano zuwa Salaga su dawo da goro, har wasunsu suka zarce kudu suka kafa zango a ƙasar Asante. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Aka cika manyan motoci da mutanen da da yawansu ba su taɓa ganin Najeriya ba, har da shi, yana saurayi ɗan ƙanƙani. Ya girma a Kano, ya shiga harkar goro a kasuwar Mariri, ya auri Inna. Da hanya ta sake buɗewa sai ya koma fatauci, yana zuwa yana dawowa. Wata shekara ya tafi da jarinsa da na wasu mutum biyu, shi ke nan. Da fari wasiƙa takan zo. Daga baya sai labari ya zo cewa ya yi aure a can. Inna ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta koma gidan yayanta da yaro a hannu, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli.

Da daddare ya kunna wa matarsa saƙon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baban Ummi, ni dai ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Amma kuɗin hanya daga ina?"

Ta san amsar. Akwai kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa a adashi don sayen injin surfani, ya daina kai aiki shagon wasu. Zuwa Kumasi da dawowa, da ɗan abin da mutum zai riƙe don ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, zai cinye fiye da rabinsu. Ga azumi ya ƙarato, wanda shi ne kakar tela. Sai ya ce mata, "Bari a ga bayan Sallah." Ya kwanta yana jin daɗin wannan magana, don ta ba shi wata biyu ba tare da ya ce e ko a'a ba. Amma ya san abin da shanyewar jiki ke yi wa ɗan shekara saba'in. Barci bai zo ba.

Kawu ne ya fara jin maganar bayan matarsa, domin shi ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya tsaya masa ranar ɗaurin aure a matsayin uba. Yana zaune a dakalin ƙofar gida yana jan carbi. Ya bar Ɗanladi ya gama, sannan ya ajiye carbin.

"Yanzu ya san yana da ɗa? Ranar da ƙyanda ta kusa kashe ka, ni na saɓa ka a kafaɗa zuwa asibiti da tsakar dare. Mutanen da ya tafi da kuɗinsu, gaban wa suka riƙa zuwa suna ɗaga murya? Gabana. Gonata ta gado na jinginar don a daina nuna uwarka da baki a unguwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In ka taka ƙasar nan, ka nuna mini wahalata banza ce."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar Kawu, kuma duk wanda ya yi saurin ce masa mai riƙo bai san nauyin rainon ɗan wani ba. Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu," ya tashi.

Bayan sallar Asuba ya tsaya wajen limamin masallacinsu, wani dattijo da ba ya gaggawar amsa. Ɗanladi ya zayyana masa komai, ya rufe da tambayar da ke cin sa: "Malam, mutumin da bai sauke haƙƙina ba, ina da haƙƙinsa a kaina?"

Malam ya ce, "Za a tambaye shi abin da ya yi maka, ba kai za ka amsa masa ba. Kai kuma za a tambaye ka naka." Ya ba shi labarin Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina alhali ba ta musulunta ba, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ta sadar da ita, ya ce ta sadar. Sannan ya ƙara da abin da Ɗanladi bai zata ba: "Amma ka ji da kyau. Zuwa dubiya daban, yafiya daban. Ba na ce ka je ka ce masa komai ya wuce ba, in a ranka bai wuce ba. Kuma haƙƙin mahaifiyarka ba naka ba ne, balle ka yafe a madadinta. Haka na kawunka. Kada ka je karɓar bashi, kada ka je rabon abin da ba ka mallaka ba. In kana da hali, ka je ka gan shi da rai."

Wajen Inna ya fi jin tsoro. Ya same ta a tsakar gida tana murza tunkuza, mai yana tsattsafowa tsakanin yatsunta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari, kuma tun da aka raba auren bai ji ta ambaci sunan uban ba. Ya durƙusa, ya kunna mata saƙon. Hannunta bai tsaya ba har muryar ta ƙare.

"Yarinyar tana da ladabi," in ji ta. Can kuma ta ce, "Kai, me ka zo nema wurina? Izini?"

"Inna, ba na son in yi abin da zai ɓata miki."

"Abin da zai ɓata mini ya riga ya faru tun kana ƙarami. Ban raine ka don ka riƙe mini fushi ba, ina iya riƙe abina da kaina. Ka je. In ya rasu ba ka gan shi ba, kai za ka kwana da abin, ba ni ba." Ta share hannu a zane, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kuɗi a bakin gyale, ta ajiye a gabansa. "Ka ƙara a na mota. Ka ce masa ga yaron da ya bari, bai yi sata ba, bai yi bara ba. Sauran magana kuwa, in yana da ita, bakinsa ai bai mutu duka ba."

Ya raba wa yaransa biyu na shago ɗinkin da ya karɓa, ya je aka yi masa allurar shawara aka ba shi katin, ya ɗauki fasfonsa, tunda ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya bukatar biza. Motar dare ta kai shi Legas. Daga nan Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, iyaka uku a yini guda, kowace da layinta da canjin kuɗinta, sannan Akara, sannan wata motar zuwa Kumasi. A hanya ya yi ta shirya maganganun da zai faɗa, yana gyarawa yana ƙarawa.

Talatu ta tarye shi a tasha. Goshinta irin nasa ne sak, har ya rasa abin cewa. Ta bi da shi lungunan Aboabo, ana gaishe su da Hausa ta ko'ina, masu koko da ƙosai suna leƙen baƙo, har wani gidan haya mai ɗakuna a jere.

Dogon mutumin nan ya zama ɗan tsurut a kan katifa. Bakinsa ya karkace, hannun hagu yana kwance a cinya sai an ɗaga masa. Ya daɗe yana kallon Ɗanladi, sannan ya ce da ƙyar, "Ka yi tsawo."

Duk maganganun hanya suka watse. Ɗanladi ya durƙusa ya ce, "Baba, ya jiki?"

Sai a dare na biyu tsohon ya yi bayani, kalma ɗaya-ɗaya, Talatu tana goge masa yawu. Motar da ya yi wa lodi ta lalace a daji kwana da kwanaki, goron ya bushe ya yi tsutsa, jari ya tafi har da na mutane. "Na ce sai na mayar sannan in koma. Shekara ta zagayo ban mayar ba. Kunyar bara ta hana ni bana. Haka, haka." Ya yi shiru. "Ban kyauta ba."

Ɗanladi ya auna maganar ya ga ba ta kai nauyin shekara talatin ba. Asarar goro ba ta hana rubuta wasiƙa, kunya kuma ba ta ciyar da yaro. Bai ce masa ba komai ba, domin da komai. Ya dai isar da saƙon Inna yadda ta faɗa, bai rage ba bai ƙara ba. Ya kuma gaya masa wanda ya biya mutanen nan biyu kuɗinsu, da gonar da aka jinginar. Tsohon bai taɓa sani ba. Ya rufe ido, hawaye ya bi ta gefen da ya shanye.

"Kira mini ita," in ji shi.

Ɗanladi ya kira, ya ce, "Inna, ga shi," ya kara masa wayar a kunnen dama, Talatu ta riƙe. Shi kuwa ya fita tsakar gida ya ja ƙofa. Bai taɓa tambayar ɗayansu abin da aka faɗa ba.

Da safe ya yi wa uban aski, ya yanke masa farce, ya auna kafaɗarsa da tef ɗin da ba ya rabuwa da aljihunsa, don ya ga rigunan duk sun yi masa yawa. Kafin ya taho, tsohon ya sa Talatu ta ɗauko wata tsohuwar jaka, ta ƙirga abin da ke ciki. Bai kai kuɗin gona ba, ko kusa. Ya ce a kai wa Kawu, a ce masa somin-taɓi ne, in rai ya kai.

Ɗanladi ya iso Kano ana jibi azumi. Injin surfani sai wata shekarar. Ya je ya ajiye ƙullin a gaban Kawu, ya faɗi saƙon. Kawu bai taɓa kuɗin ba, bai kuma ce uffan ba, kuma kusan mako biyu in Ɗanladi ya gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu.

Ranar goma ga azumi, bayan an sha ruwa, Ɗanladi ya kawo masa kunun tsamiya a dakali. Kawu ya karɓa, ya kurɓa, ya ce, "Wa ke juya shi in ya gaji da kwanciya?"

"Talatu ce, Kawu. Da wani maƙwabci."

"Yarinya ita kaɗai ba za ta iya ba." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin nan, ko kwance shi bai yi ba. "Mayar musu, a sayi magani. Ka ce ni na ce. Maganar gona kuma, ka gaya masa ban yafe ba tukuna, ya warke mu yi ta baki da baki."