Shirin Biki Rashin Bangaskiya Ne?

Wani dattijon ikkilisiya ya taɓa tsawata mini domin na tambayi inda baƙi za su fake idan hadari ya taso ranar auren 'yarsa. Ya ce, "Ɗana, ka bar wa Ubangiji." Ga shi kuwa watan Agusta ne, a Mubi, a fili kuma za a zauna!

Ban raina maganarsa ba. Mu da muka tsere daga garin nan a Oktoban 2014 mun san gobe ba a hannunmu take ba. Amma kafa rumfa yana hannunmu, kuma sakacin mai biki a kan maƙwabci yakan faɗa. Ranar da aka tsuge da ruwan, manyan baƙi suka shige motocinsu. Tsofaffin matan da suka taso tun daga Michika su ne suka koma gida a jiƙe.