Fizgar Kwaɗo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari dab da magariba ya san wannan ɗabi'a. Mai shago zai ja ƙofa, ya saƙala kwaɗo, ya danna har ya ji ƙas, amma ba zai wuce ba. Sai ya kama kwaɗon ya fizga sau ɗaya ko biyu, sannan ya jefa makulli a aljihu. Da hannunsa ya rufe, da kunnensa ya ji ƙarar, duk da haka sai da ya gwada. Kuma ba wanda ke kiransa mai waswasi, domin kowa ya san abin da ke bayan ƙofar.

Wannan 'yar fizgar ita ce kusan dukan abin da ake shafe watanni ana cusa wa ma'aikacin lantarki da zai yi aiki da wayar da aka binne a ƙasa.

Mu dai mun fi sabawa da ɗan NEPA na kan tsani. Sunan ya ƙi ɓacewa, ko da yake tun 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. Aikin na kan tsani akwai haɗari, amma yana ganin abokin gabarsa. Zai ɗaga kai ya bi waya da ido daga turke zuwa turke, ya hangi inda aka zare fis a taransfoma, ya ga giɓin da idonsa. Na cikin rami ba shi da wannan gata. A tsofaffin unguwannin Abuja irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, a ƙarƙashin ƙasa wuta take tafiya. A sauran garuruwanmu ma akwai guntayen irin wannan kebur: inda ya sauko daga turke ya nufi taransfoma, inda ya tsallaka titi, da cikin jami'o'i da manyan asibitoci da filayen jirgin sama. Birnin New York na Amurka ya duƙufa binne nasa wayoyin ne bayan guguwar dusar ƙanƙara ta watan Maris na 1888 ta kakkarya turaku ta zubar da wayoyi a kan tituna. Binnewa ta raba waya da iska da reshen bishiya da motar da ta ƙwace wa direba. Sai dai ta kuma ɓoye ta daga idon mai gyara.

A ɗauka an haƙa rami a gefen titi, an kawar da yashi, sai ga kebur huɗu kwance gefe da gefe, baƙaƙe, kowanne ya kai kaurin damtse, ba rubutu ba alama. An bugo waya daga tasha an ce an kashe layin da ya samu matsala. To wanne ne daga cikinsu? Kebur mai ɗauke da bolt 11,000 ba ya ƙara, ba ya tartsatsi. Akwai wata rigar ƙarfe da aka naɗe shi da ita a ƙarƙashin baƙar robar, wadda ke tsare ƙarfin wutar a ciki, shi ya sa ko an kara masa na'urar gwaji daga waje ba lalle ta nuna komai ba. Mai rai da matacce kamarsu ɗaya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ramin ganin ma bai isa shaida ba.

Kuma kalmar "an kashe" tana iya zama gaskiya a bakin mai faɗarta, ta zama ƙarya a cikin ramin. Wataƙila taswirar da aka duba ta tsufa, an ƙara wani kebur bayan an zana ta. Wataƙila layin na zagaye ne, irin wanda ake ba wuta ta kai biyu don kada unguwa ta zauna a duhu idan ɓangare ɗaya ya lalace. An kashe gabas, yamma na nan da ranta. Ko da an kashe duka biyun, dogon kebur yana riƙe caji a jikinsa bayan an ɗauke wuta, wanda zai iya kayar da ƙato idan ba a zubar da shi a ƙasa ba.

Sai kuma wadda ta fi shafarmu, wato janareta. Taransfoma ba ta san gaba da baya ba. Aikinta na kullum shi ne ta karɓi bolt 11,000 ta sauke shi zuwa ɗari huɗu da 'yan kai domin gidaje da shaguna. Amma idan wani ya tayar da injinsa bai raba gidansa da layin waje ba, wutar injin za ta bi waya ta koma cikin taransfomar ta baya, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubbai ta tura cikin kebur ɗin da aka rantse an kashe. Mai injin yana falo yana kallon ƙwallo, bai san wutarsa ta isa hannun wani bawan Allah a rami ba. Yanzu da hasken rana da batura suka cika gidaje, hanyoyin da wuta za ta iya komowa sun ƙaru.

Saboda haka masu horarwa ba sa barin komai a kan maganar baki. Akwai jerin matakai da ake maimaita wa ɗan koyo har su zame masa jiki. A raba layin da wuta ta kowace kusurwa da za ta iya shigowa. A sa kwaɗo a kan makunnin, a rataya allo mai sunan wanda ya kulle. A gwada a tabbatar babu wuta, kuma ita kanta na'urar gwajin sai an gwada ta a kan abin da aka san yana da wuta kafin aiki da kuma bayansa, domin na'urar da ta mutu ita ma "babu wuta" take nunawa. Sannan a ɗaure wayoyin da ƙasa ta kowane ɓangare, yadda ko wani ya yi kuskuren kunnawa wutar za ta bi ƙasa ta tsinke daga tasha. A rufe duk abin da ke kusa wanda ke da rai. Bayan duk wannan ne mai iko zai sa hannu a takardar izinin aiki, mai aiki ya karɓa ya sa nasa.

Kwaɗon nan na gaske ne, irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Idan mutum biyar ne za su shiga aikin, akwai wani ɗan ƙarfe mai huji da yawa da ake saƙalawa, kowa ya ɗaura kwaɗonsa, kowa ya riƙe makullinsa. Makunnin ba zai motsa ba sai na ƙarshe ya fito daga rami ya cire nasa da hannunsa. Ko manaja ya zo da kansa, ko wani babban mutum ya bugo waya yana faɗa gidansa ba wuta, ƙarfen ba ya jin magana.

Duk da haka ba a gama ba, domin tambayar farko tana nan: wanne ne a cikin huɗun? Ana tura sigina daga tasha a bi shi da na'ura har a ware kebur ɗin. Sannan a zo fizgar ƙarshe. Akwai wata na'ura da ake ɗaure wa kebur, mai ɗauke da kaifin ƙarfe, ita ma an haɗa ta da ƙasa. Kowa ya fita daga ramin ya ja da baya, sai a harba ta daga nesa, ƙarfen ya huda kebur ɗin har cikin jan ƙarfensa. Idan shiru aka ji, a sauka da zarto. Idan kuwa an yi kuskure, za a ji ƙara kamar aradu, wuta ta ɗauke a wata unguwa, a yi asarar kebur da na'ura, a sha faɗa a ofis. Amma kowa zai koma gida da ƙafarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tsari shi ne yadda yake cire kunya daga cikin aiki. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Yaron da ke koyon sana'a ba ya musu da ogansa. Idan oga ya ce, "Kai, sauka mana, ni da kaina na kashe," da wuya yaron ya iya buɗe baki ya ce, "Oga, a yi haƙuri, bari in gwada." Zai ga kamar ya ƙaryata wanda ke ciyar da shi. Shi ma ogan, da ya shekara ashirin yana yi ba abin da ya same shi, yakan fara tsallake matakai ɗaya bayan ɗaya. Sabo turken wawa. Horo mai kyau yana mayar da gwaji ya zama farilla a kan kowa, babba da yaro, yadda wanda ya gwada bai zagi kowa ba, wanda aka gwada maganarsa kuma bai ji an raina shi ba. A ganina kamfanin da bai ba ƙaramin ma'aikacinsa ikon cewa "ba zan taɓa ba sai na gwada" ba tare da tsoron kora ba, ko ya raba hular kwano dubu bai horar da kowa ba.

Ramin kansa ma yana kisa, ko babu wuta a cikinsa. Ɗakunan kebur da ke ƙarƙashin titi, masu murfin ƙarfe ko na siminti, sukan shafe watanni a rufe. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan ya sauka ƙasa da 19.5 ba a yarda mutum ya shiga ba. Ruɓaɓɓen ruwa yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa sai ta kashe hancin mutum ya daina jin warin, ya ɗauka ta wuce. Hayaƙin injin da aka ajiye a bakin rami don zuƙe ruwa yana gangarawa da gubar da ba ta da wari ko kala. Shi ya sa ake zura na'urar auna iska da igiya, a auna sama da tsakiya da ƙasa, a hura iska mai kyau, mai shiga ya ɗaura igiya a jikinsa, wani kuma ya tsaya a baki. Darasi mafi wuya shi ne na wannan mai tsayuwar: idan ɗan'uwanka ya faɗi, kada ka bi shi, ka jawo shi da igiya ka nemi taimako. A 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare waɗanda suka shiga ceto ne. Mu ma mun sha jin labarin a rijiya da sokawe: ɗaya ya shiga, na biyu ya bi shi, a fito da gawa biyu.

Tufafi ma da hukuncinsu. Tartsatsin da ke tashi idan babbar wuta ta haɗu yana iya kai zafin digiri 19,000, alhali fuskar rana ba ta wuce kusan 5,500 ba, kuma a cikin rami zafin ba shi da wurin gudu sai jikin mutum. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo narkewa take ta manne da fata. Safar hannu ta roba kuwa aji-aji ce gwargwadon ƙarfin wutar, kuma kafin a sa ta sai an naɗe bakinta an matse iska a ciki a ji ko tana tsiyaya.

Sai ƙwarewar hannu, wadda mutane ba sa ɗauka a matsayin maganar tsaro, alhali ita ce. Mafi yawan lokaci kebur a wurin haɗi yake lalacewa. Robar da ke tsakanin jan ƙarfe mai bolt 11,000 da duniyar waje kaurinta milimita 3.4 ne kacal. Mai haɗi zai feƙe rigunan kebur ɗaya bayan ɗaya bisa awo, ba tare da wuƙarsa ta karci wannan robar ba. Ɗan karce, ko ƙura, ko gumin hannu, ko laimar damina da aka rufe a ciki, ba za su nuna kansu ranar ba. Za a kunna wuta, a tafa, a mayar da ƙasa. Bayan wata shida ko shekara biyu wurin ya fashe, wataƙila lokacin da wani ke aiki kusa da shi. Don haka a wurin horo, idan ɗalibi ya gama haɗinsa a kan mataccen kebur, malami yakan tsaga shi ya duba ciki. Kyan waje ba ya ba da maki.

Najeriya na da cibiyar horar da ma'aikatan lantarki, NAPTIN, tun 2009, da rassa a wurare irin su Kainji da Kaduna da Kano da Jos. Sai dai wanda ya fi kusa da kebur sau da yawa bai taɓa taka ƙofar aji ba. Lebura ne da ɗan kwangila ya ɗauko da safe ya miƙa masa diga, ko direban katafila mai haƙa lambatu, ko mai gyaran unguwa da aka yi karo-karo aka kira saboda an gaji da jira. Idan abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Rai da ajali na Allah ne, ba musu. Amma wanda ya tura mutum rami bai gaya masa abin da ke ciki ba, akwai tambayar da ke jiransa.

Mai karatu, kai ma kana da hannu a wannan aiki ko ba ka taɓa riƙe filaya ba. Idan kana da janareta ko batura, ka sa ƙwararre ya ɗaura maka makunnin da ke raba gidanka da layin waje kafin ka tayar da inji. Idan kana haƙa tushen gini ko kwata ka ci karo da jerin falankin siminti, ko doguwar leda mai launi, ko shimfiɗar yashi mai laushi inda ba a sa ran yashi, ka dakatar da masu diga ka kira kamfanin wuta. Idan kuma ka ga ma'aikata sun kashe layin unguwarku suna cikin rami, kada ka tsaya musu a ka kana cewa su yi sauri.