A Yanke Kuɗin Mota Tun Ƙafa Tana Ƙasa

Jama'ar Gidimuni, masu lambu da masunta, direbobi da yaran mota, 'yan kamasho da mu fasinja: Maganar da na zo da ita ta dala ashirin ce ko arba'in, amma ta wuce a yi mata shiru, tunda ta kai yaro ɗan bana-bakwai yana ɗaga murya a kan sa'ar kakarsa, ga dattawa cike da mota, kowa ya kau da kai yana kallon taga.

Da idona na gani. Wata safiya cikin ɗari muka kama hanyar Damagaram a irin Hiyas ɗin nan da kujerar mutum uku ke cin huɗu. A bisa an ɗaure rake da buhunan rogo da awaki biyu. Wata tsohuwa ta shigo da ƙwaryar dabino a cinya, aka jefa ɗan buhunta sama. Ba ta tambayi kuɗi ba, ba a kuma gaya mata ba. Sai da muka yi nisa, mun doshi Mirya, karen mota ya fara bin mutane. Ta kwance bakin zane, ta ƙirga abin da ta saba biya, ta miƙa.

"Iya, saura dala arba'in."

"Na mene ne, ɗan nan?"

"Na kaya. Kuma mai ya hau."

"Wancan makon haka na biya, da buhun nan nawa."

"Wancan makon daban. In babu, mu sauke ki nan."

Ya bubbuga jikin mota, direba ya taka birki a wurin da babu ko rumfa. Wani malami daga baya ya zaro kuɗin ya biya, aka yi ta "Allah Ya saka da alheri", muka wuce. Ni dai raina bai kwanta ba. Sadakar malam ta kashe rigimar ranar, amma abin da ya haifo ta yana nan, gobe wata tsohuwar za a tsayar, kuma ba kullum ake dace da malami mai buɗaɗɗen hannu a kujerar baya ba.

Abin da ya haifo ta kuwa bai ɓuya ba: muna shiga mota ba a yanke kuɗi ba. Wa ya taɓa shanye rake a kasuwa sannan ya ce nawa ne? Amma tafiyar wajen kilomita 70 zuwa Damagaram sai mu hau da "ai an sani". Direba ya sani, fasinja ya sani, sai dai sanin wannan daban, na wancan daban. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya kai babin haya ya ji cewa ba ta inganta sai an ambaci lada, an san aikin da za a yi. Kujerar mota haya ce. A ƙasa, mai tafiya yana da zaɓi, in bai yarda ba ya jira ta gaba. Da zarar an rufe ƙofa an shiga daji, ciniki ya ƙare, abin da ya rage fin ƙarfi ne.

Ba zan ci amanar direbobi ba, suna da tasu hujjar. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668 a tashi ɗaya. A ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya, sai isansin kwalba da ake shigowa da shi ta kan iyaka, wanda ya daɗe yana rufa wa masu mota da 'yan kabu-kabu asiri, ya daina arha. A Maris na 2025 kowa ya ga dogon layi a gidajen mai, alhali ga matatar SORAZ nan arewa da Damagaram tana tace mai tun 2011. Ga taya, ga gyara, ga kuɗin tasha, ga mai mota yana jiran nasa da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Sau da yawa ma motar kan bar Gidimuni a cike ta dawo da rabin kujeru wayam. Duk wannan gaskiya ne.

To amma ina da tambaya. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai, isansi ya koma 499, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal ya sauko daga 668 zuwa 618. Ni dai ban taɓa jin karen mota ya ce, "Baba, riƙe dala goma, mai ya sauka" ba. In hawan mai hujja ce ta ƙari, saukarsa ma hujja ce ta ragi. Mudun da yake faɗaɗa in za ka karɓa, ya tsuke in za ka bayar, sura guda aka saukar a kan masu shi, kuma duk mun haddace ta tun muna makarantar allo.

Sai maganar canji, wadda ta fi komai ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ba da jika biyu, a ce "ina zuwa, Alhaji", daga nan sai yaro ya zama kurma. Ka yi magana sau ɗaya, sau biyu, na uku ka ji kunya, kar a ce dattijo yana rigima kan dala ashirin. A kan kunyar nan taka ya yi lissafi tun farko. Wani kuma sai an isa ya haɗa ku ku biyu da takarda ɗaya, ya ce ku je ku raba, kai za ka asibiti, wancan zai shiga Birni, ku tsaya bakin titi kuna roƙon mai shayi ya fasa muku. Akwai kuma mai karɓar kuɗin Damagaram ya juye fasinja a Mirya, ya ce ga wata can za ta ƙarasa da ku, waccan kuma ta ce ba ta san zancen ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Mu fasinja ma kada mu wanke kanmu. Akwai mai kuɗi a aljihu da zai rantse ba shi da ko tamma, sai an gaji an ƙyale shi. Akwai mai ɗora ƙaton yaro ɗan shekara goma a cinya ya ce jinjiri ne, alhali ƙafafun jinjirin suna cikin haƙarƙarin maƙwabci. Akwai mai buhu uku da zai ce "ɗan kaya ne kaɗan", da mai miƙa jika goma da sassafe a motar farko, ya kuma fi kowa ɗaga murya in an ce babu canji. Yaron da ya wuni yana fama da irinmu, in ya iso kan tsohuwa mai gaskiya, ya riga ya ɗauka kowa maƙaryaci ne. Wannan ba uzuri ba ne gare shi, amma da hannunmu a cikin tarbiyyar.

Maganin bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Manyan bas-bas da ke ratsa mu a kan hanyar Difa ba a cika jin irin wannan hayaniya a cikinsu ba, don kuɗin a rubuce yake, an biya, an ba da tikiti tun kafin a hau. Shugabannin sandikar direbobi su zauna da magajin gari da wakilan 'yan kasuwa, a sa allo a tasha, da boko da ajami: Mirya kaza, Damagaram kaza, Gidigir kaza, Gure kaza, buhu kaza, damin rake kaza, akuya kaza, yaro daga shekara kaza ya biya kujera. In mai ya motsa, sama ko ƙasa, a sake zama, a goge a gyara, a sa mai shela ya faɗa ranar kasuwa. Kafin allon ya samu, ɗan kamasho ya faɗi kuɗi da ƙarfi a bakin ƙofa, fasinja ya tambaya ko da jiya ya hau, ya kuma tanadi canjinsa tun daga gida. Ku kuma direbobi, yaran nan da bakinku suke magana. Ranar da aka tsayar da tsohuwar nan, ba yaro ne ya taka birki ba.

Da muka iso Damagaram, ta ce a ajiye ta kusa da kasuwar Dole. Ta damƙi dabino ta cusa wa malamin nan a hannu, yana ƙi tana dagewa. Sannan ta dubi yaron, yana bisa mota yana kwance igiya.

"Ɗan nan, kai ɗan gidan wa ne a Gidimuni?"

Ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ashe. Tare da 'yata uwarka ta yi tallar fura. In ka koma ka gaishe ta."

Ya sauko da buhun da kansa, ya ɗora mata a ka, bai yarda sun haɗa ido ba.