Askar Wanzami da Jikin Ɗanka

Yau ina so mu zauna mu yi shawara a kan wani abu da yake zuwa kowane gida a nan ƙasar Tanda, gidan Musulmi da gidan Kirista duka.

A ce matarka ta haihu. Kwana 7 sun cika, an taru, an raɗa suna. Ga wanzami ya zauna a zaure, ya kwance zabirarsa. Ya yi wa jariri aski tas. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dube ka, ya ce, "Maigida, a cire beli? A yi masa zanen gidanku?" Tsohuwarka tana bayan danga tana cewa, "A yi mana, ai haka muka gada." Jaririn ba shi da baki. Kai ne bakinsa. Me za ka ce?

Kafin ka amsa wa wanzami, akwai wata tambaya da ta riga tasa. Jikin nan da yake kwance a hannun ungozoma, na wane ne? Naka ne, don kai ka haife shi? Na dangi ne? Ko kuwa akwai wani mai shi? Bari mu duba abin da Littafi Mai Tsarki na Kirista ya koyar, mu auna shi da hankalinmu.

Ba mu raina na da ba

Da fari, kada wani ya ce ana zagin kakanni. Zane yana da dalilinsa. A zamanin yaƙi da kamun bayi, in yaro ya ɓace, fuskarsa ce take faɗin garinsu. Zanen Kabawa daban, na Arawa daban, na Gobirawa daban. Wanzami kuma shi ne likitan gari tun ba a san allura ba. Shi ne mai aski, mai ƙaho, mai kaciya. Sun yi abin da suka sani da zuciya ɗaya. Amma yau yaro yana da takardar haihuwa, likita kuma yana kusa. Don haka ya kamata mu sake dubawa.

Jiki amana ne

Littafin Farawa, sura 1 da ta 2, ya nuna Allah ne ya siffata mutum daga ƙurar ƙasa, ya hura masa rai. Ya yi shi cikin kamanninsa, namiji da mace duka. Da ya duba aikinsa, ya ga ya yi kyau ƙwarai. Ka lura, ba a ce ya bar wani wuri a jikin ba don mutum ya zo ya ƙarasa masa.

Manzo Bulus ya ƙara bayani cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 6. Ya kwatanta jikin mai bi da Haikali, wato ɗakin sujada inda Ruhun Allah yake zaune. Ya ce mutum ba shi ne ya mallaki kansa ba.

Ka san yadda ake ba da kiwo. In maƙwabcinka ya ba ka saniya ka riƙe masa, kana shan nono, kana samun taki. Amma ba ka yanke mata kunne ka sa shaidar gidanku, domin ba taka ba ce. Ran da mai ita ya zo, zai duba ta daga kai har wutsiya. To, haka jikinka yake, haka kuma jikin ɗanka. Riƙo aka ba ka. Ƴan'uwanmu Musulmi ma suna faɗin haka, cewa jiki amanar Allah ne.

Inda aka hana tsaga jiki

Cikin Littafin Firistoci, sura 19 aya 28, an hana Isra'ilawa su tsattsaga jikinsu saboda makokin wanda ya mutu, an kuma hana su zana shaida a fatarsu. Maimaitawar Shari'a, sura 14, ta sake faɗin hanin, ta kuma ba da dalili: su mutanen Allah ne, keɓaɓɓu gare shi.

Akwai kuma labarin annabi Iliya a Dutsen Karmel, cikin Littafin Sarakuna na fari, sura 18. Annabawan gunkin Ba'al su 450 suka yini suna kiran gunkinsu. Da suka ga shiru, sai suka shiga yankan kansu da takuba da masu, jini yana zuba. Duk da haka ba wanda ya amsa. Iliya kuwa bai zubar da ko ɗigon jininsa ba. Addu'a kawai ya yi, aka ji shi.

Sai mu faɗi gaskiya. Ayoyin nan a kan makoki da bautar gumaka suka sauka. Ba su ambaci beli ko zanen Kabawa ba. Wanda ya ce maka sun ambata, ya ƙara gishiri. Amma dalilin da suka bayar ya shafe mu: Allah ba ya bukatar a yanka jikin mutum kafin ya ji kukansa, mutumin da yake na Allah kuma ba a yi wa jikinsa yadda aka ga dama.

Dubi kuma halin Yesu Almasihu. Cikin Markus sura 5 ya tarar da wani mai aljanu yana kwana a makabarta, yana kukkuje jikinsa da duwatsu. Da ya warkar da shi, sai aka gan shi zaune da tufafi, cikin hankalinsa. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen wani bawa mai suna Malkus. Luka ya ba da labari cewa Yesu ya taɓa kunnen ya warkar da shi, ko da yake mutumin yana cikin masu kama shi.

To, kaciya fa?

Watakila ka ce, "Ai kaciya ma yanka ce." Gaskiyarka. Cikin Farawa sura 17 Allah ya umarci Ibrahim a yi wa kowane ɗa namiji kaciya a rana ta 8, alamar alkawari. Yesu kansa an yi masa. Daga baya manzanni suka taru a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, suka yanke shawara ba za a tilasta wa sauran al'ummai kaciya ba kafin su zama masu bi. Saboda haka ga Kirista kaciyar namiji halal ce, amma ba ita ce hanyar ceto ba.

Riƙe wannan da kyau: umarnin ga maza kaɗai ne. Daga farkon Littafin har ƙarshensa ba inda aka ce a yi wa ɗiya mace kaciya.

Wata magana mai wuya

Wani kuma zai ce, "Ba Yesu ne ya yi maganar ƙwaƙule ido da yanke hannu in suna jawo zunubi ba?" I, tana cikin Matiyu sura 5. Amma ka taɓa jin Bitrus ko Yahaya ya ƙwaƙule idonsa? Ko ɗaya. Sun gane zaurance ne. Makaho ma yana iya ƙyashi, mai dungu yana iya cin amana. Zunubi daga zuciya yake fitowa, wuƙa ba ta kai can. Abin da ake nufi shi ne ka rabu da duk abin da yake jan ka ga mugunta, ko da kana son sa kamar idonka.

An taɓa samun waɗanda suka ɗauki irin maganar nan a zahiri. Wani masanin tarihi mai suna Yusibiyus ya ba da labarin Orijen, babban malamin Kirista na Iskandariya ta ƙasar Masar, cewa yana saurayi ya fiɗiye kansa don gudun sha'awa. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka yi babban taro a birnin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Dokar fari da suka kafa a kan wannan ce. Wanda ya fiɗiye kansa da gangan yana da lafiya, ba zai riƙe aikin limanci ba. Amma wanda likita ya yi wa saboda cuta, ko wanda abokan gaba suka yi wa da ƙarfi, ba shi da laifi.

Ka ga sun raba wuƙa biyu. Akwai wuƙar da take ceton rai, akwai wadda take ɓata lafiyayyen jiki. Don haka in naƙuda ta yi tsanani, likita a asibitin Gaya ya ce sai an yi wa matarka fiɗa a ciro jariri, kada ka ƙi sa hannu da sunan tsaron jiki. Wannan kiwon amana ne. Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne.

Tambayoyi uku

Duk sa'ad da aka kawo aska kusa da jikin wani naka, tambayi kanka abu uku. Na ɗaya, akwai cuta a wurin da za a yanka? Na biyu, yankan zai warkar da ita, ko akwai magani da ya fi shi? Na uku, in ba cuta, mai jikin ya yarda?

Mu gwada su a kan beli. Kowane jariri da belinsa ake haihuwarsa. Halitta ce, tana taimako kada abin da ka haɗiya ya bi ta hanci. Ana cewa shi yake kawo amai da tari da ƙin mama. Amma yaran da aka cire wa ma suna amai, suna tari. Yankan kuwa yana iya jawo zubar jini, jariri kuma jininsa kaɗan ne. Zafin miki yana hana shi tsotso. Askar da ba a dafa ba tana iya sa masa ciwon sarƙe-haƙora, ko ta ɗauko ciwon hanta ko sida daga wani ta kai masa. In maƙogwaron yaro ya kumbura, kai shi likita.

Mu gwada su a kan yankan gishiri, wanda ake yi wa mace a gabanta in haihuwa ta daɗe. Abin da yake tare jariri sau da yawa ƙashin ƙugun uwa ne, reza kuwa ba ta buɗe ƙashi. Sai ta zarce ta huda mafitsara. A asibitin koyarwa na Zariya, wani likita mai suna Tahzib ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari, ya fitar da sakamako a 1983. Cikin kowace 100, mata 13 yankan gishiri ne ya jawo musu. Ana ɗinke ciwon, har an buɗe asibiti dominsa a Danja kusa da Maradi a 2012. Amma rigakafi ya fi magani.

Kaciyar mata da cire angurya ma sun fāɗi a tambaya ta fari, domin ba cuta a wurin. Hukuma ta sa baki. Dokar Nijar ta 13 ga Yuni 2003 ta yanka wa mai yi kaso na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar jika 20 zuwa jika 200. In yarinya ta mutu, shekara 10 ne zuwa 20. Benin ta yi tata dokar a 2003, Nijeriya a 2015. Wanda ya ƙetare kogi da ɗiyarsa, ko ya bi hanyar Kamba, bai tsere wa doka ba, balle Mai ita.

Zane kuwa ya fāɗi a tambaya ta uku. Ɗan kwana 7 bai yarda ba, bai ƙi ba, ga shi zai ɗauki abin har kabari.

In an riga an yi maka

Watakila kana karatun nan kana shafa kumatunka. Kada ka ji kunya. Iyayenka da ƙauna suka yi, darajarka kuma ba ta ragu ba. Bisharar Yahaya sura 20 ta ce bayan tashin Yesu daga matattu ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi a hannuwansa. Jiki mai tabo ma na Allah ne. Macen da take fama da yoyon fitsari kuma, kada a kore ta bayan gida. A kai ta magani.

In matarka tana da ciki yanzu, kada ka jira ranar suna. Tun yau sami tsohuwarka cikin ladabi, ka ce, "Inna, ina neman alfarma, a bar yaron nan yadda Allah ya ba mu shi." Karanta mata wannan takarda. Sami wanzami kuma a gidansa, ba a gaban taro ba. Ka ce ya yi aski da sabuwar reza, ka ba shi cikakken ladansa da rabonsa na nama, kada ya ga kamar an tauye masa abinci.

Allah ya raya mana ƴaƴanmu lafiya, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.